Kwamfutar Da Na Sa A Kulle

Ba zan taɓa mantawa da wata Talata ba, a tsakiyar bazara, da na saka farar shaddata mai aiki a wuya, na rungumi kwamfutar ofis kamar jaririya, na shiga zauren taro a Dogon Dutsi da niyyar in koya wa mutane yadda ake kula da na'ura. Na koya musu kuwa, sai dai ba ta hanyar da na shirya ba. Har gobe idan na tuna sai in ji kunnuwana sun ɗauki zafi. Duk da haka labari ne da nake son bayarwa, domin a ƙarshensa akwai abin da nake taƙama da shi (ku yi haƙuri da ni, sai mun bi ta cikin kunyar kafin mu kai can).

Ni sakatare ne na wata ƙungiyar makiyaya. Ba zan faɗi sunanta ba, don laifin nawa ne ni kaɗai, babu ruwanta. Ba'are ne ni gaba da baya, kuma in ban da ragon layya ban taɓa kiwon komai ba, amma Allah ya sa abincina a hannun Fulani yake. Wanda bai san ƙasarmu ba sai in gaya masa cewa Arawa da Fulani taubasai ne. Bafillace zai iya kirana bawansa a gaban surukaina, in rama da cewa ba ya cin komai sai iska da nono, kuma babu wanda ke da ikon yin fushi. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi. Wannan al'ada ta yi mini amfani ƙwarai a aiki, don da ita nake faɗa wa dattawa gaskiyar da wani ba zai iya ba. Ban taɓa tunanin wata rana za ta juyo kaina ba.

Babban abokin wasana shi ne Ardo Hamma, wani dogon dattijo mai ruga a wajen Kore Mairuwa. Shekarun baya, lokacin da ake yawon yi wa shanu allurar rigakafin ciwon huhu, shi ne ya ƙi kawo nasa. Na same shi a bakin rijiya, mutane cike, ana ta ban ruwa. Ya ce mini shanunsa ba su shiga kasuwa, ba su bin burtali da na kowa, yana tsare da su kusa da gida, don haka babu abin da zai kama su. Ni kuma da na ga jama'a sun kasa kunne sai bakina ya buɗe. Na nuna masa kwamin da ake zuba wa dabbobi ruwa, na ce, "Ardo, ka hana su yawo, na ji. To ruwa hwa? Ba ga kwamin ga suke sa baki da shanun duniya duka ba? Ka kulle ƙohwa ka bar kwami, sannan ka ce kana da wayo." Aka yi ta dariya. Ardo ya gyara malafarsa kawai. Washegari ya kawo shanun aka yi musu allura, ni kuwa na shekara biyu ina ba da labarin a duk taron da na samu kaina.

To, a cikin shekarun nan ne wasu abokan aikinmu da ke tallafa wa makiyaya suka ba ofishinmu kwamfuta ta hannu da injin buga takarda. Ranar da aka kawo ta na ji wanda ya kawo yana cewa a yi hankali da birus, wato cutar da ke kama kwamfuta ta lalata abin da ke ciki, kuma wai daga intanet take shigowa. Iyakar abin da na riƙe ke nan. Ya yi wasu maganganu bayan wannan, amma lokacin hankalina na wajen shafa murfinta. Nan take na yanke hukunci: tunda cutar a waje take, to wannan baiwar Allah ba za ta fita ba. Na sa ta a kulle.

Kulle kuwa na gaske. Shekara uku cur ba ta taɓa ganin intanet ba. Idan akwai saƙon da za a aika, da wayata nake aikawa. Wani malamin makaranta ya taɓa cewa bari ya haɗa ta da wayarsa na minti biyu, na kusa kore shi daga ofis. Matata ta ɗinka mata mayafi mai fulawa, kowace safiya in yaye, in goge ta da tsumma mai laushi, da yamma in rufe. Babu mai shan shayi kusa da ita. Shugaban ƙungiyarmu da kansa, Alhaji, idan ya shigo sai ya tsaya daga nesa ya gaishe ta da ido.

Amma akwai wata ƙofa da na bari a buɗe ban sani ba. A unguwarmu injin buga takardarmu ne kaɗai ke aiki kullum, ni kuma mutum ne mai son a ce na kyauta. Don haka duk mai takarda wurina yake zuwa da kile ɗinsa (ɗan abin nan mai kamar yatsa da ake zuba takardu a ciki a soka wa kwamfuta). Malamai da jarrabawar ɗalibai, masu neman aiki da takardunsu, masu katin biki, sakatarorin wasu ƙungiyoyi daga Tibiri da Ɗan Kassari, kowa ya zo in karɓa da hannuna in soka. Ban taɓa tambayar kowa inda kilensa ya kwana ba. A ganina tunda ni na soka da hannuna, da bisimilla, babu matsala.

Bayan 'yan watanni sai wani ɗan saƙo ya fara leƙowa a kusurwar ƙasa ta dama. Da farko rawaya ne, daga baya ya koma ja. Yana cewa mai gadin cikinta, wanda ake kira antibirus, ya tsufa, a haɗa ta da intanet a yi mata mizajur, wato a sabunta ta. Ba wai ban iya Faransanci ba, na karanta na kuma gane kowace kalma. Abin da na fahimta dai shi ne dabara ce ta masu ƙera ta, suna son su yaudare ni in fitar da ita waje. Na yi murmushi na ce ba da ni ba. Kullum in rufe saƙon, kullum ya dawo. Da ya ishe ni, sai na ɗauki almakashi na yanko wani ɓangare daga cikin takardun faɗakarwa da ke jibge a ofis, daidai girman saƙon, na manna shi a kusurwar da sikoc, wato salatif. Daga ranar ban sake ganin jan abu ba, hankalina ya kwanta (na san abin da kuke tunani, ni ma yanzu shi nake tunani).

Yanzu bari in faɗi abin da ke kan gaba a wannan Talatar. A shekarar, ciyawa ta yi ƙaranci ƙwarai, tun kafin bazara ta tsaya shanu sun fara nuna haƙarƙari. Abokan aikin namu suka ce za su kawo dusa da gurya a raba wa gidajen makiyaya, amma sai kowace ƙungiya ta miƙa jerin sunayen mutanenta, ardo-ardo su tabbatar a bainar jama'a, sannan a tafi da shi a ranar. Ƙungiyar da ba ta miƙa ba sai ta jira zagaye na biyu, wanda kowa ya san ba zai zo ba sai bayan ruwa ya sauka, lokacin da saniyar da za ta mutu ta riga ta mutu.

Jerin nan namu ni na haɗa shi. Rani biyu na yi a kan moto, wato babur, ruga zuwa ruga, gida ɗari biyu da 'yan kai. Ba aiki ne mai sauƙi ba, domin makiyayi idan ya ga biro da takarda abin da ke fara zo masa a rai shi ne jangali. Sai ka zauna, ka sha fura, ka sha zagi irin na taubashi, kafin a gaya maka sunan mai gida na gaskiya. Da na gama shigar da su a na'ura sai na ba mai shayin ƙofar ofis littattafan da na rubuta da hannu ya riƙa hura gawayi da su, ina ce masa zamanin takarda ya wuce. Jerin kuwa ban bar shi a kan kwamfutar ba, don kada masu zuwa buga takardu su yi mini leƙe. Yana cikin kilena, a aljihun gaba, kusa da zuciya. Na so in buga shi a takarda ranar Litinin, na tarar tawada ta ƙare a katin bikin wani. Na lura dai tun da daɗewa dosiyoyin da ke cikin kilen, wato jakunkunan da takardu ke ciki, sun fito da wata 'yar kibiya a gefensu, amma tunda suna buɗewa na ɗauka ado ne.

Zauren ya cika. Ardo-ardo sun zo tun da hantsi daga Dumega, daga Ɗan Kassari, daga Kore Mairuwa, wasu a kan moto wasu a amalanke. Ardo Hamma na layin gaba, sandarsa a tsakanin ƙafafu. Wadda aka turo ta karɓi jerin ita ce Madam Sa'a, ƙwararriya a harkar kwamfuta, 'yar ƙasar nan ce da ta yi karatu a Yamai. Na san mahaifinta, don haka Tonton, wato kawu, take kirana, har da ɗan rusunawa. Kafin a fara ta ce tana da tambaya ga sakatarori: wane ne ke yi wa kwamfutarsa mizajur a kai a kai? Na Tibiri ya ce rezo, wato sabis ɗin waya, shi ne matsalarsu. Na Ɗan Kassari ya duƙar da kai yana gyara takalmi.

Ni kuwa sai na ji wani abu na ɗaga ni daga kujera. Na miƙe, na gyara hannun riga, na nemi izinin Alhaji. Na ce ina jin tausayin 'yan'uwana sakatarori, amma ni ba ni da wannan damuwa, domin na toshe matsalar tun daga tushe. Na ba da labarin kullen tun daga ranar farko. Na kawo zancen mayafi, na kawo zancen malamin da na kusa kora. Na ce shekara uku ko tari ba ta taɓa yi ba. Har na juya wajen mai fassara na ce ya faɗa wa dattawa da Fillanci, kada su rasa wannan darasi. Da na gama wasu suka tafa, Alhaji na gyaɗa kai yana kallon shugabannin sauran ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Madam Sa'a ba ta tafa ba. Ta dube ni da wani irin kallo da na ɗauka sha'awa ce, daga baya na gane irin kallon da likita ke yi wa mutumin da ke bugun ƙirji bai taɓa zuwa asibiti ba ne. Ta ce, "To Tonton, mu hwara da kai."

Na yaye mayafin a hankali don kowa ya ga ɗinkin. Ta jona kwamfutar da majigi, aka rufe tagogi, fuskar na'urar ta fito a jikin bango, faɗinta ya kai na ƙofar gareji. Ni ina zaune ina kallon ƙaramar fuskar da ke gabana, komai lafiya lau, 'yar takardata na manne a kusurwarta. Sai na ji zauren ya fara ƙus-ƙus. Na ɗaga kai.

Jama'a, ashe takarda ba ta bin waya ta hau bango. Abin da na rufe shekara biyu da rabi yana nan a jikin bangon, ja wur, girmansa ya kai tabarmar sallah. Ga alamar gargaɗi, ga rubutu da manyan baƙaƙe cewa na'urar ba ta da kariya, ga kuma adadin kwanakin da ta yi ba a sabunta ta ba, dubu da wani abu. Ashe duk tsawon lokacin nan yana ƙarƙashin takardar yana ƙirga mini kwanaki. Wanda bai iya karatu ba ma ya san ja ba alamar lafiya ba ce. Madam Sa'a ta leƙo ta gefena don ta ga me ya sa ban lura ba, ta ga takardar, ta sa farce ta ɓanɓare ta. Ta dube ta, ta dube ni, ta cije leɓe. Wallahi da ta yi dariya da ya fi mini sauƙi.

Na ce a raina bari in yi sauri in buɗe jerin, aiki ya rufe kunya. Na zaro kile daga aljihu na soka. Dosiyen ya fito da 'yar kibiyarsa. Na danna. Wani baƙin akwati ya yi walƙiya a bango ya ɓace. Na sake dannawa. Ya sake walƙiya. Na uku sai na'urar ta ce ba ta ga abin da nake nema ba. Na danna na kusa da shi, haka. Na danna duka, haka. Gida ɗari biyu da 'yan kai, rani biyu a kan moto, babu ko suna ɗaya. A karon farko a ranar na daina tunanin kaina, na tuna shanun da na gani makon jiya a wajen Dumega, waɗanda sai an kama wutsiya ake tayar da su. Tsoro ya kama ni sosai.

Madam Sa'a ta yi bayani a taƙaice, cikin ladabi, kamar ba da ni take ba. Ta ce masu ƙera waɗannan na'urori kullum suna gano kafofin da ɓarayi da cututtuka ke shiga, sai su aiko da gyara ta intanet, kuma shi mai gadin ciki sai ana nuna masa sababbin cututtuka yake gane su. Wanda ya hana na'ura intanet ya hana ta gyaran ne kawai, cutar kuwa ta kile ma tana shiga. Ta tambayi wa da wa ya taɓa soka kile a wannan kwamfuta. Hannuwa suka fara tashi, na Tibiri, na Ɗan Kassari, har da mai fassara. Mai fassarar ya fara juya maganarta da Fillanci, ya maƙale a kan mizajur yana neman kalma. Sai Ardo Hamma ya ɗaga sanda ya ce ya huta, shi ya gane.

Ya miƙe da tsawonsa duka. Ya miƙa hannu Madam ta ba shi 'yar takardar da ta ɓanɓare, ya kai ta kusa da ido. A lokacin ne ni ma na ga abin da na yanko ban duba ba: hoton saniya ne ana yi mata allura, daga cikin takardun da ni da kaina nake raba wa makiyaya. Ya ɗaga ta sama ya juya da ita don kowa ya gani, sannan ya dube ni.

"Ba'are, bawana, in na gane daidai, saniyar taka ba ta shiga kasuwa, ba ta bin burtali. Ka tsare ta gida ka yi mata mayahi." Ya ɗan dakata. "To ruwa hwa? Duk waɗanga da sunka ɗaga hannu, ba ga kwaminka suke sa baki ba?"

Ban taɓa jin dariya irin ta ranar ba. Dattawa na share hawaye da rawani. Wani ardo daga Dumega ya faɗo daga benci. Alhaji ya rufe fuska da hula, ban sani ba ko dariya yake ko kuka. Ni kuma ba ni da ikon yin fushi, al'ada ta ɗaure ni, kuma ko babu al'ada maganata ce aka maido mini ba a rage ko wasali ba. Na tsaya da farar shaddata na yi abin da ya yi a bakin rijiya: na gyara hula kawai.

Da dariya ta lafa sai gaskiya ta dawo. Madam ta ce mai yiwuwa cutar ɓoye takardun ta yi ba cinyewa ba, amma ba za ta sani ba sai ta haɗa na'urar da intanet, ta sabunta komai, ta wanke ta. Aikin shekara uku ne ya taru, ga rezo na tafiyar hawainiya, zai iya kaiwa la'asar, kuma bayan la'asar motarsu za ta tashi. Ba ta yi alkawarin komai ba. Ta haɗa wayarta da kwamfutar a gabana, ina kallo aka fitar da 'yar kullena waje ko sallama babu.

Alhaji ya matso ya tambaye ni a hankali ko akwai littattafan hannu. Na ce sun zama shayi. Bai gane ba, ban kuma yi bayani ba. Sauran ƙungiyoyi suka fara gabatar da nasu a takarda, ni ina zaune ina kallon wani ɗan layi kore na rarrafe a fuskar na'ura. Ana cikin haka na kama kaina ina bin hanyar a zuciya: in ka fita Dutsi ka yi gabas, rugar farko ta Buba ce mai kare mai cizon taya, bayanta ta ƙanensa Sambo inda aka ba ni nono mai tsami har na yi kwana biyu ina tunawa. Sai na ga ashe sunayen na nan. Ba a kile kaɗai na zuba su ba.

Da aka zo kanmu na miƙe. Na ce a ba ni mai rubutu, zan kawo jerin da ka, ardo-ardo su gyara ni inda na kauce. Wani ya ce yau dai Ba'are bai gaji da abin kunya ba. Na Tibiri ya ɗauki biro. Na rufe ido na hau moto a zuciya. Na bi rugagen hanyar Ɗan Kassari ɗaya bayan ɗaya, kowane mai gida da sunan ubansa. Na gangaro inda moto ta taɓa nutsewa a rairayi mata suka turo ni suna waƙa. Ban manta da Inna Dije ba, gwauruwa mai awaki, wadda ta ƙi faɗin sunanta sai da na je sau uku. Na raba Altine biyu da ke ruga ɗaya, dogo da mai tabo. Da farko ana yi mini dariya, can sai na ji dariyar ta koma "haka na, haka na." Idan na gama ruga ardonta ya ce ba saura. Sau biyu kawai aka gyara mini sunan uba. Aka yi sallar azahar aka dawo na ci gaba, muryata ta dushe, wani dattijo da bai taɓa yi mini magana ba ya miƙo mini gorarsa ta ruwa. Na ƙare da rugar Ardo Hamma. Aka tambaye shi ko akwai gyara, ya daɗe yana kallona, sannan ya ce shi dai bai da abin cewa tukuna.

Na zauna. Ba zan yi muku ƙarya ba, a wannan lokacin na ji kaina ya sake kumbura, kusan ya koma girman da ya shigo da shi da safe. Alhaji ya dafa kafaɗata. Ko shugaban wata ƙungiya sai da ya ce da sakatarensa, kai za ka iya haka?

Ana kiran la'asar Madam Sa'a ta ce, "Tonton, zo ka gani." Jan saƙon ya koma kore. Mai gadin da na hana abinci shekara uku ya farka ya kamo cututtuka jeri guda, ban tsaya ƙirgawa ba don kada zuciyata ta tsaya. Kibiyoyin sun ɓace, dosiyena ya dawo, jerin na ciki lafiya. Ta ce bari a gwada da wanda na kawo da ka, don a tabbatar. Aka haska shi a bango, na Tibiri na bi da biro, suna bayan suna. Duk sun yi daidai, zauren na ta kabbara a hankali, har aka zo ƙarshe. Na na'ura ya fi nawa da suna ɗaya. Madam ta karanta shi da ƙarfi: Hamma, ardo.

Na kawo ƙannensa, na kawo 'ya'yansa masu gida, na kawo har surukinsa da ya zo ci-rani. Shi da ke zaune a gabana, gwiwarsa na kusan taɓa tawa, na tsallake shi. Kuma ya ji, ya yi shiru, da an tafi da takardar hannu da gidansa bai samu ko mudu ɗaya ba. Na ce, "Haba Ardo, don mi ba ka yi magana ba?" Ya ce, "Ina son in gani, tsakanin kai da saniyar taka, wa za shi tuna da ni in an yi mishi allura. Ita an yi mata ta tuna. Saura kai."

Jerin ya bi mota a ranar. Dusa da gurya suka iso kafin ruwa, kowane gida ya samu rabonsa, har da na Ardo. Ni kuma na roƙi Madam ta zauna ta nuna mini komai kafin ta tafi, wannan karon na saurara har ƙarshe. Makon da ya biyo baya na hau moto na bi duk ofisoshin da suka sha a kwamina, Tibiri, Ɗan Kassari, makarantu biyu, na ba da haƙuri, na wanke musu kile, na nuna musu inda ake dannawa. Babu inda na je labarin bai riga ni isa ba, amma babu inda aka ƙi buɗe mini ƙofa. Yanzu kowace Litinin da safe, kafin in sha shayi, sai na haɗa ta da intanet ta karɓi abin da aka aiko mata, kuma duk kilen da ya zo sai mai gadi ya bincike shi, ko na Alhaji ne. Jerin yana wuri uku, ɗaya a takarda. Mayafin dai yana nan, don matata ta ce ba laifinsa ba ne.

Abin da na koya ba shi da yawa. Idan na'ura ta yi ta faɗa maka abu ɗaya kowace safiya, wataƙila ba yaudararka take son yi ba. Sannan idan za ka yi wa dattijo wa'azi a bakin rijiya, ka tabbata ka ji wa'azin kai ma, domin dattijo ba ya yar da magana, ajiyewa yake yi.

'Yar takardar kuwa Ardo bai maido mini ba. Tana cikin malafarsa. Har yau ni ake turawa faɗakarwa idan lokacin allurar shanu ya zo, kuma ina yi da ƙarfina, don na iya. Amma duk lokacin da murya ta fara yi mini daɗi, na fara nuna mutane da yatsa, sai in ga dogon hannu ya tafi wajen malafa a hankali. Ni ma sai in sauke yatsan in ce, to jama'a, mu duka dai mu riƙa yin allura.